Shafi Goma Sha Ɗaya

A Wad Madani, a bene na biyu,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
Dakta Awadiyya ta ɗaga alli ta ce:
"Kowace takarda rai gare ta.
A haife ta, ta yi aiki, ta tsufa,
sannan a adana, ko a ƙona."
Hannuna ya rubuta,
hankalina kuwa ya hau mota, sai Gadarif.

Can bayan kasuwar riɗi
babana Mamuda na da rumfa, da sikeli,
da wani littafi mai baƙin bango
da gumi ya lausasa kamar tsohon buzu.
Da ajami yake rubutu, ba lamba, ba kwanan wata:
"Tanimu mai amalanke, buhu biyu,
ran da aka yi ruwan ƙanƙara."
"Gwaggon Zulai, mudu bakwai, gab da azumi."
Rasit kuwa a ƙusa yake soke su
ɗaya bisa ɗaya, kamar tsire.

Wannan na zo jami'a in gyara.
Shekara uku ina koyon jeri,
fayil ya bi fayil, lamba ta riƙe wutsiyar lamba,
wa ya karɓa, wa ya sa hannu, ƙarfe nawa.
Kwafi uku: na kabad, na kwamfuta,
da na wani gari, saboda gobara ba ta sallama.
Aka ce mana abin da ba a rubuta ba
ba a yi shi ba.
Na haddace, har ina faɗa wa ƙannena.

Da hutun damina na koma gida
da kwamfutar aro a jaka, ina taƙama.
Na ce, Baba, kawo littafin.
Ya miƙo, ya koma kan gahawarsa.
Kwana huɗu ina shigar da sunaye,
wuta ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke.
Daren na biyar lissafi ya ƙi.
Na ƙirga daga gaba, na ƙirga daga baya:
shafi goma sha ɗaya babu,
an yage su tun daga tushe, zare na reto.

Na ce, ɓera ne ko yara?
Ya ce, ni ne.
Na ce, suna ina?
Ya nuna murhu da leɓe.

Sai da ya hura garwashi, ya ce:
"Uku, shekarar da ruwa ya yi gardama.
Ɗaya, Tanimu, da jakinsa ya faɗi bai tashi ba.
Sauran ba naki ba ne ki sani.
In na bar su a nan, ran da aka kai ni,
ke da yayyenki za ku buɗe,
ku ga haƙƙinku, ku bi shi ƙofa ƙofa,
kuma ba mai cewa kun yi laifi.
Takarda ba ta da kunya, 'yar nan.
Ni ke jin kunyar a madadinta."

Na rufe kwamfutar. Ruwa na dukan kwano.

Ran jarrabawa tambaya ta huɗu ta fito:
yaushe ne ake hallaka takarda?
Na ba su abin da suke so,
wa'adi, kwamiti, sa hannu, shaida biyu.
Na ci maki, ban yi ƙarya ba.
Amma a ƙasan shafin, da fensir,
na rubuta sunan Tanimu da ajami,
na dube shi ɗan lokaci,
na goge.

Yanzu ni ke riƙe da lissafin rumfa,
komai da lambarsa, komai da ranarsa.
Sai dai tsakanin layi na tamanin da na gaba
na bar gurbi goma sha ɗaya, fari fat.
Mai bincike ya taɓa tambayata, me ke nan?
Na ce, an biya.