Littafin da ya Zaga Tawa

Littafin nawa ne, jikka uku na saye shi a Yamai,
amma wata huɗu ke nan bai kwana ɗakina ba.
Jiya ya dawo, bango a karye,
da zoben kofin shayi a shafi na tamanin,
da warin albasa.

Labarin dai, wata mai binciken ruwan ƙasa ce
aka sa cikin na'ura, aka murɗa,
ta faɗo shekara ɗari bakwai baya
bakin wata rijiya, tsakiyar ayarin gishiri,
cocilarta na mutuwa,
Hausarta ba mai ganewa sai tsinci-tsinci.

Mushe Arzika ya fara karɓa.
Shekara talatin yana koyar da tarihi,
ya aje alli, bai aje jan biro ba.
Ya ja layi ƙarƙashin masara,
ya ja layi ƙarƙashin barkono,
ya rubuta a gefe: wa ya kawo su?
Lokacin ba su ƙetaro teku ba!
Ya ce wanda ya yi ƙarya a tukunya
ba ka yarda da shi a fagen yaƙi.

Nomau makanike babi uku ya yi, ya miƙo.
Mi injin ke sha, mai ko wuta?
Shafi ɗari ana neman waya guda da ta tsinke.
Da garejina ne, tuni na kori yaron.

Habsu ungozoma ta cinye shi a dare biyu na aiki.
Akwai inda wata ke naƙuda cikin bukka,
baƙuwar na durƙushe, ta san sunan maganin,
ta san awonsa,
saura shekara ɗari shida a ƙirƙiro shi.
Habsu ta ce ba sai an shiga na'ura ba,
kilomita arba'in daga nan ma ya isa.
Ta ce kar a sake ba ta irin wannan.
Ta ce akwai na biyu?

Ran Lahadi aka taru gindin dogon yaro.
Shayi ya kai na uku, murya na tashi.
Tsahiru ɗan jami'a ya ce ina takubba, ina sarakai,
mutum ya yi tafiyar ƙarni bakwai don ya ja guga?
Malam Kadri ya ce abin da ya wuce ya wuce,
ba a mai da nono cikin hantsa,
sannan ya jawo ni gefe:
to, yarinyar ta samu komawa?

Illiya bai iya boko ba,
ɗiyarsa ta karanta masa a rumbun albasa.
Shekara goma sha huɗu ya yi a Abijan.
Sai da kowa ya gaji ya ce:
wanda ya rubuta wanga ya yi ci-rani.
Tafiya ba komi ba ce, ku dubi dawowar.
Ta fito da furfura, ta binne mutum tara,
waɗanda suka tura ta ko shayinsu bai huce ba,
suna tambayar awon rijiya.
Ba wanda ya tambayi sunan ko ɗaya.

Aka yi shiru. Gawayi ya faɗa.
Mushe ya ce duk da haka, masarar nan kuskure ce.

Da dare na buɗe shi, ina bin jan layi
kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata.
Shafi bayan shafi, ga gyara, ga alamar tambaya,
har na ɗari biyu da goma, inda aka binne na farko.
Daga nan biron Mushe bai sake sauka ba.
Akwai barkono a shafi na gaba, na gani.
Ya bar shi.