Rabin Riyal Na Hajja Tabawa

Takarda na liƙa a wuyan kekena,
sunaye talatin da ɗaya, da shuɗin biro.
Jibo mai shayi, riyal biyu duk kilomita.
Tanimu tela, biyar.
Hajja Tabawa ta ce rabin riyal,
ta kama hannun rigata ta ƙara da cewa:
"In ba ka kai ba, ko halala ba ka gani."

Bayan asuba muka tashi daga gindin Kara,
mu hau Hada, mu ɓulle Shafa ta bayan duwatsu.
Samarin Jidda da kekunan da yatsa ɗaya ke ɗagawa,
ni da nawa na gwanjo, mai kukan ƙyaure.
Shekara arba'in da bakwai,
aikina gyaran na'urar sanyi a benayen Makka.
Ban taɓa tsere da kowa ba,
sai da rana, a kan rufin gidajen mutane.

Tsohuwar hanyar raƙuma ba ta san taya ba.
Kowane dutse da tasa gaisuwar,
wani a gwiwa, wani a haƙarƙari.
Birai suka jeru a kan fā suna kallona
kamar dattawan da aka kira sasanci
suka tarar babu mai gaskiya.

A kilomita ashirin cinyata ta fara magana.
A talatin ta daina magana, ta koma cizo.
Na tuna Lauwali, ɗan yayata,
Asabar, Litinin, Laraba,
awa huɗu a kujera, jininsa na fita yawo
ta cikin roba ya dawo masa a wanke.
Inji shida a ɗakin, mutum saba'in a layi.
Shi bai taɓa cewa cinyarsa ba.
Tambayarsa ɗaya: "Kawu, an yi ruwa a Ɗa'ifa?"
yaron da ruwansa na yini bai cika kofi biyu ba.

Na buɗe gorata, na ji kunya,
na sha duk da haka.

A arba'in da ɗaya sarƙa ta tsinke.
Babu aya, babu karin magana, ƙas kawai.
Na zauna a gindin wani itacen ar'ar
ina lissafi da yatsu masu baƙin mai:
arba'in da ɗaya sau biyu, na Jibo ya tabbata,
na Tanimu ma haka.
Na tsohuwa ne kaɗai zai tafi,
riyal talatin, kuɗin kaza biyu.
Motar kwasar waɗanda suka gaza ta tsaya,
direban ya miƙo dabino, ya nuna mini kujera.

Riyal talatin.
Daga cinikin gyaɗa a ƙofar gida,
ƙulli ƙulli, a bakin mayafi.

Na ce masa ya je.
Keken da ya ɗauke ni tun safe
na ɗauke shi, bashi ya biyu.
In gangara ce mu hau, in hawa ne ya hau ni.
Hazo ya sauko, ya shafe gaba, ya shafe baya,
ƙamshin gonakin wardi ya zo ta inda ban gani ba,
wani manomi ya kira ni mahaukaci cikin ladabi
ya ba ni ruman guda.

Na iso Shafa ana kiran magariba.
An naɗe tuta, an kwashe kujeru,
wanda ya zo na ɗaya ya kai Jidda, ya yi wanka.
Saura wani yaro mai littafi yana hamma.
Ya dubi lambata, ya rubuta sittin.

Kuɗin duka ba su sayi inji ba,
sun dai sayi wani sashe na inji,
wataƙila tayoyinsa.

Da safe na je ƙofar Hajja ina ɗingishi.
Ta dubi gwiwata, ta dubi takardar,
ta kwance ƙulli, ta ƙirga sau biyu.
"An ce a kafaɗa ka kai shi," in ji ta.
"Ni hawa muka yi da kai."
Sannan ta ɗora riyal ɗaya a kai,
wai na gyaran sarƙa.