Minti Hamsin

A jikin tikitin an rubuta:
Bur Sudan zuwa Jidda, minti hamsin.
Na juya bayan takardar ko akwai saura.
Babu.

Kakana Nomau ya bar Haɗeja da jaki ɗaya,
da Tabawa, da cikinta na wata huɗu.
Jakin ya mutu a Wadai.
Cikin ya zama ubana, a gindin wata aduwa
da ba wanda ya riƙe sunan garinta.
Damina ta kama su, su yi noma,
rani ya sake su, su ɗau sanda.
Haka shekara tara.

A Gadarif ya tsaya yankan riɗi.
Kaka ɗaya ce, in ji shi, kuɗin jirgin ruwa kawai.
Ya yi kaka talatin da ɗaya.
Sau uku kuɗin na cika:
na fari ciwon Tabawa ya cinye,
na biyu fara,
na uku ya ɗinke a ɗamarar fata,
sai gwiwa ta ce ita ta iso.
Bai taɓa ganin teku ba.
In ya yi sallar la'asar yakan tambayi masu lori:
wai ruwan nan, ana hango gaɓar can?

Yau da safe na'urar bincike ta yi kuka a ƙuguna.
Ma'aikacin ya warware ɗinkin da farce,
tsofaffin riyaloli suka zubo masa a tafi,
baƙaƙe, an daina karɓarsu tun ban san kaina ba.
Ya ce, Hajja, mene ne wannan?
Na ce kuɗin mota ne.
Ya yi dariya. Ni ma na taya shi.

Mutumin kujerar gefena ransa a ɓace yake,
an makarar da mu minti ashirin.
Yana ta duba agogo yana tsaki.
Na so in ba shi labari,
sai na ba shi dabino.

Muka tashi.
Ƙasa ta karkace kamar faifai a hannun mai shiƙa,
sai ruwa,
shuɗi, a kwance, ko gezau,
da wani farin jirgi ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi.
To ga shi, Kaka.
Ga abin da ka yi wa bauta.
Kilomita ɗari uku ne, ko bai kai ba,
da ƙasa ce, da kai da sandarka kwana goma ya ishe ku.

Aka kawo shayi.
Ina hurawa, ban kai rabi ba,
yarinyar ta dawo da murmushi ta miƙo hannu:
za mu sauka.
Na riƙe kofin.
Ban san me ya sa na riƙe ba.
Na so a ce tafiyar ta yi mini wuya ko kaɗan,
ƙaya ɗaya, ƙishi ɗaya,
abin da zan nuna maka in mun haɗu.

Taya ta taɓa ƙasa.
Mai agogo ya ce alhamdu lillahi, mun sha hanya.
Na lalubi ɗamarar ta cikin mayafi.
Da ɗumi.
Na ce sauko, Nomau,
a hankali, akwai matakala.