Minti Goma Sha Ɗaya

Da safe na yi hira da tauraruwa
a falon wani otal a Gawon Nama.
Sanyin na'ura, ruwan roba, turare mai tsada.
Kafin in dire tambaya ta miƙo amsa,
wadda ta ba wani jiya,
wadda za ta ba wani jibi:
"Ina godiya ga masoyana."
Na rubuta. Birona ma ya haddace.

Bayan azahar, rana ta sauko ta zauna a kan kwalta,
kabu-kabu ya ajiye ni a Runjin Sambo.
Ina gidan Sahabi Jabbi?
Babu wanda ya sani.
Na ce, "Alhaji Matsi na talabijin."
Yara bakwai suka shige gaba,
mai shayi ya tofar da yawu.

Shekara ashirin yana mai gidan haya a cikin akwati.
Duk daren Talata sai ya yaye kwanon wani,
ya watso tukwane waje,
ya yi dariyar nan mai kama da tarin akuya
wadda uwata kan ji ta ce, "Allah ya isa."

Na tarar da shi a zaure, daga shi sai singileti,
yana ɗinke takalmin jikarsa da basilla.
Edita ya ce in samo abin da zai sayar da jarida,
wa ya ɓata da wa, nawa aka cinye wa wa.
Na danna rikoda, jan idonta ya buɗe.
Na ce, "Baba, wace lambar yabo ka fi ji da ita?"

Ya ciji zare.
"Tsohuwar Kasuwa, shekarar da gulbi yay yi hushi.
Wata mai daddawa tag gan ni,
ta aje faifai, tam mare ni.
Tac ce, ina kaka so marayun ga su kwana?
Marayun nan, yaro, ɗiyan darakta na,
ga mota aka maishe su gida.
Ban hwaɗa mata ba.
Nid duƙa nic ce ta yi man gahwara."
Ya shafa kunnen hagu.
"Har yau bai ji sosai. Shi na kambuna."

Sai sallama.
Wani saurayi da littafin rasit a hammata.
"Baba, wata huɗu ke nan."
Ya zura riga a baibai, ya ja shi bayan katanga.

Ban kashe rikoda ba.
Minti goma sha ɗaya.
Kaza. Taɓarya a maƙwabta.
Can ƙasa-ƙasa, muryar da na sani da tsawa
tana cewa, bari Jumma'a, don Allah bari Jumma'a.

Ya dawo yana gyara wuyan riga.
"Ina munka kwana?"
Na ce, a dariya.
Ya gyara zama, ya turo ciki da babu shi,
ya yi mini ita tun daga tushe,
har yaran ƙofa suka watse.
Sannan ya nuna jan idon da basilla.
"Wanga abu shina ji da nisa?"
Na ce, "A'a, Baba. Ciwonku ɗaya."

Ranar Asabar jarida ta fito.
Tauraruwa ta ci rabin shafi da hoto mai launi.
Sahabi layi tara, ƙarƙashin tallar batir.
Edita ya ce, "Marin nan ya yi armashi.
Babu wani abu kuma?"
Na ce babu.

Ban goge ba, ban kuma rubuta ba.
Da dare, in an ɗauke wuta, nakan fito tsakar gida
in sa a kunne.
Na gane kazar tana da ƴaƴa.
Na gane mai dakan ta huta sau biyu.
Gobe ɗaya ga wata,
ni ma mai gidanmu ba ya mantuwa.