Rasit

Jiya na bi ta gaban kantin,
kwaɗon ƙofar ya kai dunƙulen hannu.
An ce na Zariya ma haka, na Jos ma haka.
Rabin haruffan allon sun zube,
tattabaru sun gaje gurbinsu.

Nan Baba ke kawo mu ƙarshen wata
in masaƙar Kakuri ta yi biya,
auduga ba ta gama fita daga sumarsa ba.
Kwalbar fitila, takalmin makaranta,
tangaran mai furanni don Inna,
alewa uku, mu huɗu.

Madam Kasham a bakin na'ura,
sai ta lashi yatsa take ƙirga canji.
Ita ta fara ce mini "ranki ya daɗe",
ina ɗage a kan yatsun ƙafa
don in hango saman teburinta.

Yau kowa kaico yake.
Ni ma na ce kaico,
sannan na lissafa: shekara sha ɗaya
rabona da tura ƙofar nan.
A waya nake ciniki, mai babur ya kawo.

Rasit ɗaya ya rage a akwatin Baba,
naira biyu da kwabo arba'in.
Tawadar ta koɗe.
Ban san me muka saya ba.