Zurfin Ramin Kuza

Tambaya ɗaya Malama Rifkatu ta ba mu,
alli na karyewa a hannunta don sanyin Bukuru:
ramin kuzan da ke bayan makaranta,
nawa ne zurfinsa, kuma wa ya haƙa?
Mu huɗu. Mako biyu.

Tasi'u ne ya fara dawowa, waya a tafin hannu,
yana taku kamar wanda kasuwa ta yi wa kyau.
"Ƙafa ɗari uku," in ji shi, "wuri uku na gani,
uku kuwa shaida ce ko a gaban alƙali."
Kachollom ta karɓa, ta ƙura ido,
ta ɗora farce a kan kalma guda.
Duk ukun sun ɓata sunan garin a harafi ɗaya,
tuntuɓe ɗaya, a kan dutse ɗaya.
Ta ce, "Wannan ba bakuna uku ba ne.
Mutum ɗaya ya yi kira, duwatsu ke amsa masa."

Barira ta hau mota har cikin Jos,
ta samo littafi mai warin ajiya, gara ta ci gefensa.
Akwai sunan kamfani, akwai nauyin kuza,
akwai sunan Bature, har da na karensa.
Waɗanda suka ɗauki kwanon ƙasa a ka
an dunƙule su a kalma ɗaya: leburori.
Zurfi kuwa ƙafa tamanin, ranar da aka auna.

Ni aka tura wurin Baba Lawandi mai gyaran rediyo.
Ya ajiye sukudireba, ya ce,
"Babana yakan ce in ka sauka da asuba
rana ba ta ganin ƙeyarka sai hantsi ya yi."
Yaya zan mai da hantsi ƙafa?
Ran Talata ya ce shekarar fara aka soma,
ran Alhamis ya ce a'a, shekarar da rufin masallaci ya tashi.
Na kusa tsallake shi.
Amma sunaye bakwai ya lissafa da yatsu,
na koma sau uku, ko ɗaya bai sauya wuri ba.

Kakar Kachollom ba ta san ƙafa ba, ba ta san kamfani ba.
Ta ce, "Ku fara da abin da ke wurin kafin rami.
Gonar accarmu ce."
Babu littafin da ya faɗi haka.

Daren Juma'a a barandar su Barira,
shayi ya huce, dankali ya ƙare, murya ta hau.
Tasi'u ya ce a tara lambobin a raba, kowa ya huta.
Barira ta ce, "In ka zuba madara a ruwan kwata
rabin madara za ka sha?"
Ya yi fushi, ya fita, ya dawo don ya manta hularsa,
ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce,
"To ramin ya mutu ne? Mu je mu tambaye shi."

Davou masunci ya shiga da kwalekwalensa,
mu muna gaɓa, muna riƙe da biro.
Igiya, dutse, ƙulli a kowace ƙafa goma.
Ta nutse, ta nutse, ta tsaya.
Hamsin da biyu, dutsen ya fito da baƙar laka.
Ashe littafi bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi,
damina bayan damina na cike abin da ya auna.

Muka rubuta kowace magana da sunan mai ita,
da inda muka yarda, da inda muka ja baya.
Shekara muka ce ba mu tabbatar ba.
Ƙarƙashin wa ya haƙa, sunaye bakwai,
sai layuka biyar da muka bari fari.

Sha biyar cikin ashirin ta ba mu.
Barira ta manta lambar shafi.
A gefen fararen layukan, da jan biro,
Malama ta rubuta sunan kakanta.