Ƙishirwa a Kan Teku

Sau uku ke nan cikin mako guda.
Mu bar gaɓar Quellón lafiya lau,
inji na gurnani kamar magen da ta ƙoshi,
sai daidai tsibirin Laitec, in na ƙara masa wuta,
ya yi tari biyu, ya ja numfashi,
ya yi shiru.
Ni da ɗana Nibaldo da ragar da ba mu jefa ba,
muna lilo a kan ruwan sanyi.

Bayan minti goma in murɗa makulli, ya tashi,
kamar ba shi ya kunyata ni ba.

Tsoho Baldovino ya zo da asuba
da akwatin sifanu da gorar shayinsa.
Bai ko dubi injin ba. Ya ce, "Uberlinda,
wanda ke suma ya farfaɗo da kansa
yunwa ke cin sa.
Mu bi hanyar abincin, daga baki har rumbu."

Ya kwance matatar mai, ya tsiyaye ta a kwalba,
ya ɗaga wa hasken da ke leƙowa bayan tuddai.
Ba ruwa kwance a gindi, ba baƙar dauɗa.
Ya ɗaura sabuwa duk da haka. Na biya.
Muka fita. Daidai Laitec,
tari biyu.

"Buɗe murfin tanki, ki kasa kunne."
Na buɗe. Bai yi tsaki ba, bai zuƙi iska ba.
"To, hancinsa ba a toshe yake ba."

Ya bi tiyo da yatsu, taƙi bayan taƙi,
kamar mai ɗori yana laluben karaya,
ko ya lanƙwashe, ko ya tsage yana shan iska.
Ya haɗa guntun roba mai garai-garai, muka zuba ido.
Ko kumfa ɗaya ba ta wuce ba.

Sai ya cire tiyon daga tanki ya tsoma a jarka.
Muka wuce Laitec, muka ƙara gaba,
Nibaldo na ihu a goshin jirgi,
inji na ci kamar baƙon da aka daɗe ba a gani ba.
Tsohon bai yi dariya ba.
Ya nuna katakon da ke ƙarƙashin ƙafata.

Eleodoro ne ya yi waldar tankin nan da hannunsa.
Tun ranar da muka binne shi
ban ɗaga wannan katako ba.

Jarka bakwai muka kwasa, hannu na kyarma don sanyi.
Bututun zuƙo mai fes yake, har ana hango rana ta cikinsa.
Baldovino ya kwanta rub da ciki, tocila a baki,
ya zura waya mai ƙugiya
yana ta kamun kifi a busasshen tafki.
Can ya fito da shi:
ɗan faifan dalma, bai fi kwabo ba.

"Ga ɓarawon. Yawo yake a cikin mai.
In famfo ya ja da ƙarfi, ya manne a bakin bututu.
In inji ya mutu, ya saki, ya koma iyo."

Na san shi.
Likin bakin kwalbar maganin mai ne
da Eleodoro ke zubawa duk shigar hunturu,
ya huda da babban yatsa don bai da haƙurin ɓarewa.
Ga shatin farcensa nan a tsakiya.

Nibaldo ya ce a jefa shi teku.
Na goge shi da gefen riga, na sa a aljihu.
Muka mayar da mai ta mazurari, jarka bayan jarka,
har rana ta yi gora.
Da muka zo Laitec ban rage wuta ba.